Ku daina yanke giyar ciki, ba ita ce ta mutu ba

1/
Jiya na ga abin da ya ɓata min rai, na kwana da shi bai sauka ba, to bari in amayar. Zare ne mai tsawo, kuma a kan keke ne. E, keke. Wanda yake ganin ya wuce wannan ajin ya yi gaba, Allah ya ƙara buɗi. Mu da muke taka feda zuwa wurin aiki kullum, ku matso kusa.

2/
Na tsaya a ba tayata iska wurin wani mai gyara, sai na hangi wani tulun ƙarfe cikin tarin da ya ware wa 'yan gwangwan. Na ɗauka na goge. Sturmey-Archer AW, hob mai giya uku. A jikinsa an buga 78 da 5, wato a watan Mayu na 1978 aka ƙera shi a Ingila.

3/
Na juya shi da hannu, tik-tik-tik, lafiya lau. Na ce, Malam wannan fa? Ya ce ai wani ne ya kawo, giya tana zamewa, kuma irin wannan ba ya gyaruwa. Sai ya yanke wayoyin tayar ya cire shi, ya saƙa masa hob na gama-gari mara giya. Mai keke ya biya kuɗin hob, ya biya kuɗin aiki, ya tafi yana godiya.

4/
Na saye shi a kuɗin ƙarfen kilo. Da daddare na shimfiɗa tsumma na buɗe shi. Wallahi babu haƙori ɗaya da ya karye. Busasshen mai ne da 'yar ƙura. Tunda ciki lafiya yake, zamewar nan daga kebul ne da ya saki. Aikin minti biyu, da yatsu biyu. A kan haka aka yanke wa ƙarfen da ya haura shekara 40 yana aiki hukuncin kisa.

5/
Maganata ɗaya ce, kuma a kanta zan tsaya har ƙarshe. Ga mai zuwa aiki, makaranta ko kasuwa a garuruwanmu, giyar ciki ta fi giyar waje dacewa nesa ba kusa ba. Kuma da hannunmu muke kashe ta: masu gyara don ba su koya ba, mu masu hawa don son a gan mu da "giya 21".

6/
Kafin wani ya kai ni ƙara wurin Hisba, giyar keke nake nufi, ba ta kwalba ba. Iri biyu ce. Ta waje ita ce kuka saba gani: faranta masu haƙora jere a tayar baya, da wani ƙarfe mai lilo a gefe yana jefa kaca daga wannan zuwa wancan. Komai nata a buɗe yake, a fili.

7/
Ta ciki kuwa ba ka ganin komai. Kaca ɗaya, faranti ɗaya gaba, ɗaya baya, kamar keken da babu giya. Duk aikin yana cikin hob, wannan tulun da ke tsakiyar tayar baya. A rufe yake. Shi ya sa da yawa ke hawan keken gwanjo shekara guda ba su ma san yana da giya ba.

8/
Me ke ciki? A AW, akwai haƙori ɗaya mai baki 20 a manne da aksil, ba ya motsi. Wasu ƙanana huɗu suna zagaye shi. Sannan zobe mai baki 60 ta ciki ya rungume su duka. Irin tsarin da ke cikin giyar mota mai atomatik ne, sai dai wannan yana shiga tafin hannu.

9/
Daga nan giya uku ke fitowa. Ta biyu kai tsaye ce: farantin baya ya juya sau ɗaya, taya ta juya sau ɗaya. Ta ɗaya tana rage kashi 25 cikin 100, don tashi da hawa. Ta uku tana ƙara kashi 33, don gudu a miƙaƙƙen titi. Shi ke nan. Babu aljani a ciki, lissafin 20 da 60 ne.

10/
Kuma ba sabon abu ba ne balle a ce bai iso mu ba. A 1902 aka fara Sturmey-Archer a Nottingham, ƙarƙashin gida ɗaya da Raleigh ɗin da iyayenmu suka hau suka yi alfahari da shi. AW ɗin nan ya fito a 1936. A 2000 kamfanin SunRace na Taiwan ya sayi sunan da injinan, har gobe ana ƙerawa.

11/
Shimano na Japan suna da nasu, Nexus, mai giya 3, 7 da 8, sai Alfine mai 8 da 11. Jamusawa suna da Rohloff mai 14 tun 1998, wanda kuɗinsa kaɗai zai saya maka babur, don haka a bar shi a gefe. Mu abin da ke shigo mana cikin kekunan gwanjo galibi Nexus ne da tsofaffin Sturmey da Sachs.

12/
Me ya sa nake kumfar baki yanzu? Tun 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta tsallake 1,000. Mutane da yawa sun jingine babur, sun kasa kuɗin adaidaita, sun koma keke. Keke ya daina zama abin wasan yara, ya zama hanyar cin abinci.

13/
To wanda albashinsa bai kai ƙarshen wata ba, ya tattara ya sayi keke, abin da yake buƙata shi ne wanda zai tashi kullum da safe ba rigima. Ba wanda zai kai shi wurin mai gyara duk sati biyu ba. A nan ne zaɓin giya ya zama maganar aljihu, ba maganar sha'awa ba.

14/
Mu fara da ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kun san yadda garin yake. Kaca mai maiƙo a buɗe, faranta bakwai a buɗe, ƙananan tayoyi biyu na ƙarfen lilo a buɗe. Ƙura ta haɗu da mai ta zama kamar sanfefa, tana cin ƙarfe kullum kana takawa. Damina ta zo ta ƙara da taɓo da yashi.

15/
Hob kuwa a rufe yake. Kuma da yake kaca ba ta tsalle hagu da dama, ana iya sa mata gida a rufe ta gaba ɗaya. Giyar waje ba ta yarda da wannan ba. Kacar ma da ake sa wa hob mai kauri ce, irin ta keken da babu giya, ga araha ga daɗewa, ga ta a kowace kasuwa.

16/
Gidan kacar nan ba ƙaramin abu ba ne gare mu. Mu da doguwar riga da wando mai faɗi muke zuwa aiki, ba da matsattsun kayan 'yan tsere ba. Wanda kaca ta taɓa cafke masa ƙafar wandon shadda ranar Juma'a, ya isa masallaci da baƙin mai har gwiwa, ba sai na yi masa dogon bayani ba.

17/
Sai cunkoso. A cikin gari ba ka yin mita 300 ba ka taka birki ba: adaidaita ya tsaya babu sigina, mai kura ya gitta, danja ta kama. Da giyar waje, in ka tsaya a giya mai nauyi ka shiga uku, don sai kana tafiya take canzawa. Sai ka miƙe tsaye kana nishi, na baya suna maka hon.

18/
Da giyar ciki, a tsaye cak, ƙafa a ƙasa, ka murɗa zuwa ta ɗaya, ka tashi salin-alin. Wannan kaɗai ya isa hujja ga duk wanda ya san titin Kano da ƙarfe takwas na safe ko bayan la'asar.

19/
Sai wurin ajiya. A bakin kasuwa ko makaranta kekuna a jingine suke kan juna. Ɗaya ya faɗi, goma sun bi shi. Ƙarfen lilon nan shi ne farkon abin da ke dukan ƙasa. Ya lanƙwashe kaɗan, giya ta rikice. Ya lanƙwashe da yawa, ya faɗa cikin wayoyin taya kana gudu. Hob ba shi da abin da ke reto.

20/
Ita kanta tayar ta fi ƙarfi. Don a samar wa faranta bakwai wuri, dole wayoyin gefen dama su miƙe su ɗaure fiye da na hagu, taya ta zama mai gefe ɗaya. Tayar hob kusan daidai take hagu da dama. Ga mai ɗora buhu ko yaro a kariya, wannan ne bambancin taya mai daɗewa da mai tsinka waya.

21/
Kada ku ɗauka ra'ayina ne kawai. Ku dubi kekunan haya na birnin Landan da aka fara a 2010, waɗanda dubban mutane ke hawa suna wulaƙantawa suna barinsu a ruwa: Nexus mai giya uku aka sa musu. Ku dubi kekunan zuwa aiki na Holan da Denmak, da masu giya uku na matan Japan masu kwando a gaba. Wanda ke lissafin kuɗin gyara, hob yake zaɓa.

22/
Mu kuma me muke yi? Mu je kasuwa mu tsallake keken Japan mai gidan kaca da madigadi da kariya da fitila, wai na mata ne, wai na tsofaffi ne. Mu ɗauki mai fenti ja da sifirin a tsakiya da rubutun 21 a jiki. Wata uku giya ta tsaya a guda ɗaya, ita ma tana ƙara kamar injin markaɗe.

23/
21 ɗin nan ma yaudara ce. Uku gaba sau bakwai baya ne. Da yawa cikinsu maimaicin juna ne, wasu kuma ba a amfani da su don kaca tana karkacewa. Ka tambayi mai shi tsakaninsa da Allah nawa yake sawa daga gida zuwa aiki. Biyu ko uku. To ga uku nan a rufe, ba sa lalacewa, ka ƙi.

24/
Yanzu ga ɓangaren da nake so a ajiye, a nuna wa mai gyaran unguwa. Mafi yawan abin da ake cewa "giyar ciki ta mutu" kebul ne. Kebul yana miƙewa, yana tsatsa, ko a cire taya a mayar ba a saita ba. Hob yana so a ja shi daidai wurin da aka ƙaddara. Ya kauce kaɗan, sai zamewa da ƙara.

25/
Sturmey mai uku: sa a giya ta biyu. Dubi 'yar siririyar kacar da ke fitowa daga cikin aksil ta dama. Tana haɗe da wani tsinke a ciki. Leƙa ta ramin dogon notin, ka juya abin saitin da yatsa har kafaɗar tsinken ta yi daidai da bakin aksil. Ka ɗaure ɗan notin kullewa. An gama.

26/
A kula: tsohon AW yana da wani gurbi tsakanin ta biyu da ta uku inda feda ke juyawa a banza. In saiti ya kauce, can yake faɗawa. Wannan ne "zamewar" da ake kashe shi a kanta. Ba lalacewa ba ce, amma tana iya kayar da kai in ka miƙe tsaye kana takawa, don haka kar a yi wasa da saitin.

27/
Nexus mai uku: shi ma a ta biyu. Akwai ɗan akwati a bakin aksil ta dama mai 'yar taga. Juya saitin kebul har layin mai launi ya zauna tsakanin layuka biyun da aka zana. Nexus mai 7 ko 8: sa a ta huɗu, dubi kusa da farantin baya, akwai alamu biyu masu launi. Juya saitin da ke hannun giya har su fuskanci juna.

28/
Ku duba fa. Babu guduma, babu kurfi, babu ma sifana. Kamfanin ya zana maka amsa da fenti a jikin ƙarfe. Amma sai a ɗauko abin yanka waya. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

29/
Na biyu: washa. A gefen aksil akwai washa mai ɗan kunne da ke shiga tsagar firam. Ba ado ba ce. Giyar ciki tana aiki ne don aksil ba ya juyawa. In mai faci ya cire taya ya yar da ita, ko ya sa washa ta gama-gari, aksil zai murɗa, ya buɗe bakin firam, ya tsinke kebul.

30/
Wannan ya taɓa faruwa da ni. Na bar keke a yi faci na shiga masallaci, na fito na hau, ban kai gida ba giya ta rikice. Na koma na tarar da washar a ƙasa cikin yashi. Yaron ya ce ai ya ga ta yi yawa ne. Tun ranar ba a cire min tayar baya sai ina tsaye.

31/
Na uku: mai. Tsofaffin Sturmey suna da ɗan murfi a jikin hob. Wannan ƙofar mai ce. Ɗigo kaɗan na man inji mara kauri duk wata, shi ne duk abincinsa. In ya ɗan tsatso ta gefe ba laifi, datti yake fitarwa. Goge kawai, kar ya kai rim ya kashe maka birki.

32/
Abin da ba a yi: cusa giris mai kauri a cika shi fal. A ciki akwai 'yan harsunan ƙarfe da sifirin siriri kamar gashi ke ɗagawa, su ne ke yin tik-tik. Giris mai kauri yana manne su, feda ta juya taya ba ta bi ba. Man gyaɗa da manja kuma suna daskarewa su zama danƙo. A bar su a kicin.

33/
Nexus ba shi da ƙofar mai, da giris ɗinsa na musamman yake zuwa. Duk shekara ɗaya ko biyu, gwargwadon hawa, ana zaro cikinsa gaba ɗaya dunƙule guda, a goge, a tsoma a mai, a bar shi ya tsane, a sa wa boris giris, a mayar. Ba sai an wargaza shi ɗaya-ɗaya ba.

34/
Shimano suna sayar da nasu man tsomawar, da tsada kuma da wuyar samu. Masu gyara da yawa a duniya suna amfani da jan man giyar mota mai atomatik, ni ma shi nake sawa. Ba shawarar kamfanin ba ce, na faɗa don kowa ya san abin da yake yi. Amma ya fi barin hob a bushe shekara biyar.

35/
Kar a kai shi wurin wankin mota a harba masa ruwa mai ƙarfi. Kar a ratsa ambaliya da ruwa ya shanye hob, in kuma dole ta sa, a buɗe a sake mai cikin satin. Ruwa ne babban abokin gabansa, ba tsufa ba. Yana shiga ya kwanta, tsatsa ta ci hanyar boris, nan ne ake mutuwar gaske.

36/
Sai ɗabi'ar hawa. Lokacin canza giya, sassauta ƙafa daƙiƙa ɗaya. Kar ka murɗa kana danna feda da dukkan ƙarfinka a kan gada. Kaca kuma kar a ɗaure ta tamau kamar tsirkiya, a bar mata ɗan wasa kamar faɗin yatsa. In ta ɗaure da yawa boris take ci.

37/
Yanzu ƙarin inganci. Gyara mafi araha, mafi amfani, wanda kusan babu mai yi: canza farantin baya. Yawancin masu giya uku suna zuwa da giya mai nauyi fiye da kima. Misali 46 gaba, 18 baya, taya inci 28: juyin feda ɗaya yana kai ka kusan mita 4.2 a ta ɗaya, 5.6 a ta biyu, 7.5 a ta uku.

38/
Mita 7.5 ai sai ɗan tsere ko mai gangara. Shi ya sa mutane ke cewa ta uku ba ta da amfani. Sa mai baki 22 a baya: sai su koma kusan 3.5, 4.6 da 6.1. Yanzu ta uku ce ta tafiyar yau da kullum, ta biyu ta iska da kaya, ta ɗaya ta hawan gada. Sabon keke ka samu.

39/
Zoben waya ɗaya ne ke riƙe farantin, da sukudireba ake ɓalle shi. Farantin mai kunne uku ne ta ciki, kuma galibi na Sturmey da Shimano da Sachs suna shiga wa juna. Za ka ƙara wa kaca gaɓa biyu. Sai dai kar a wuce gona da iri, musamman a mai 7 da 8: farantin baya ya yi girma ainun, ƙarfin da ke shiga hob zai fi abin da aka ƙera shi ya ɗauka.

40/
Mai tsohon baƙin keke mara giya, irin Raleigh ko Phoenix ko Hero, kai ne ma ka fi kowa sa'a. Tsagar firam ɗinka ta kwance ce, ana ja da taya baya a ɗaure kaca, abin da hob ke so ke nan. Birkinka a rim yake kamawa, ba ruwansa da hob. Hob mai uku kawai za a saƙa maka.

41/
Abu uku za a duba kafin a saya. Ramukan waya: a ƙirga na hob da na rim su zo ɗaya, wasu 36 ne wasu 40. Faɗin bayan firam: a auna, firam na ƙarfe yana yarda a ɗan buɗa shi, na alminiyam ba ya yarda, tsagewa yake. Tsawon waya: hob ɗin ya fi faɗi, don haka galibi sai gajeru.

42/
Kuma a sayi hob da kayansa: hannun giya, kebul, washa, da 'yar kacar ko ɗan akwatin gefe. Hannun Sturmey ba ya aiki da Nexus, na mai 7 ba ya aiki da mai 8, kowanne da tsawon jansa. Rabin hob ɗin da ke kwance a kasuwa lafiyarsu ƙalau, hannunsu ne ya ɓata a hanya.

43/
Na san abin da za a ce, bari in amsa tun kafin a faɗa. "Babu kayan gyara." Akwai gaskiya a nan, ba zan musa ba. In cikin Nexus mai 8 ya farfashe da gaske, samun sabo aiki ne kuma da tsada. Amma me ya sa babu? Don duk wanda ya shigo ana yanke shi a sayar a kilo. Mu muke narkar da kayan gyaran, mu dawo mu ce babu.

44/
Ɗan kasuwa ba ya kawo abin da ba a tambaya. Ranar da mutum goma suka shiga shago suna neman kebul ɗin Nexus da faranti mai baki 22, a kwantena ta gaba za ku gan su. Haka aka yi da kayan adaidaita, haka aka yi da kayan waya. Kafin nan, hob biyu matattu suna tayar da ɗaya.

45/
"Yana da nauyi." E. Mai uku kilo ɗaya da 'yan kai, mai takwas ya doshi kilo biyu. Amma cire nauyin faranta bakwai da ƙarfen lilo biyu da ƙarin faranta biyu na gaba, ka ga abin da ya rage. Kai da ke ɗauke da jaka da kwanon abinci da galan a kariya, rabin kilo ne zai dame ka?

46/
"Faci yana wahala." Wa ya ce sai an cire taya? Masu facinmu tun kaka da kakanni suna kwantar da keke, su zaro robar ciki ta gefen hagu, su liƙe, su mayar, taya na nan a wurinta. Sai in za a canza taya ko roba gaba ɗaya ne ake kwancewa, wannan kuwa sau nawa ne a shekara?

47/
"Giya uku ba ta isa ba." A ina? In a Jos kake ko wasu unguwannin Abuja masu hawa da gangara, na yarda, nemi mai 7 ko 8, ko ma giyar waje mai kyau. Ɗan tsere ma ya riƙe tasa, ta fi sauƙin nauyi kuma ba ta cin ƙarfi. Amma Kano, Katsina, Maiduguri, Maraɗi? In ka cire gadojin sama, ina tudun yake?

48/
Zuwa ga masu gyara, da girmamawa. Ku ne kuke buɗe firiwil ku jera ƙananan boris ɗaya-ɗaya da giris a tafin hannu. Ku ne kuke miƙe tayar da mota ta taka. Wanda ya iya wannan, AW ba zai gagare shi ba. Abin da ya hana ba ƙwaƙwalwa ba ce, tsoro ne da jin nauyin cewa "ban sani ba".

49/
"Ban iya ba, kai wa wane" ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka ce wa bawan Allah abinsa ya mutu alhali ba ka buɗe ba, ka karɓi kuɗinsa, ka mayar masa da keke da ya fi wanda ya kawo lalacewa. Wannan ba gyara ba ne, kuma haƙƙi ne, ko da ba da niyya aka yi ba.

50/
Kuma kuɗi ne kuke bari a ƙasa. A unguwa guda masu faci sun fi goma, mai buɗe hob babu ko ɗaya. Wanda ya fara koya, daga nesa za a riƙa nemansa. Ka sayi matacce ɗaya, ka shimfiɗa farin tsumma, ka jera komai bi da bi yadda ya fito, ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Sau uku ka haddace.

51/
Masu saye kuma: in kun je ɗaukar na gwanjo, ku ɗaga bayan, ku juya feda, ku bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ku girgiza tayar hagu da dama ku ji ko tana wasa. Ku duba washa da hannun giya suna nan. In yana zamewa ku saita kebul nan take a gaban mai shi. Sau da yawa ragi za ku samu a kan cutar da babu ita.

52/
Hob ɗin jiya yana nan a gabana, na wanke shi da kananzir, na sa masa mai, yana tik-tik kamar agogo. Ramukansa 40 ne, daidai da rim ɗin tsohon keken maƙwabcina, dattijon da ke zuwa gadi kullum yana tura keke da hannu in ya zo gada. Ranar Asabar za mu saƙa masa, da faranti mai baki 22.

53/
Wurin mai gyaran nan zan kai aikin saƙar, don a saƙa taya hannunsa babu na biyu. Zan zauna kusa da shi, in an gama in nuna masa kafaɗar tsinken nan da bakin aksil. Ya ce zai ajiye min duk wanda aka kawo maimakon ya ba 'yan gwangwan. Na ce a'a Malam, ba ni za ka ajiye wa ba, mai shi za ka gyara wa.

54/
Wanda ke da keke mai irin wannan hob a jingine a zaure ko bayan ɗaki an ce masa ya mutu, kafin ka kira mai kilo, sa shi a ta biyu ko ta huɗu ka duba alamar. Allah ya tsare mu a kan titi, ya sa albarka a abin da muke nema.